Takardar Mansura

Argungu,
Litinin, 5 ga Fabrairu.

Zuwa ga Hamida, ɗiyar marigayiya Fadimatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Mu nan alhamdulillahi, sai dai ƙafar Adama da ke damunta kwanan nan, tana fama da ita. Shinkafar rani ta kama ƙasa, ruwa bai yanke mana ba.

Ki daina bugo mini waya, ba zan ɗauka ba. Abin da ke bakina a takarda nake son ya zauna, don kada gobe ki ce ba haka na faɗa ba. Abdussamadu direba zai kawo miki wannan, shi kuma za ki ba amsa in kina da ita.

Ɗiyata Mansura ba za ta komo kwalejinku ba. Tana gida tun Juma'a, kuma nan za ta zauna.

Kakana da kakan uwarki wa da ƙane ne. Na san zumuncin ya yi nisa, amma saboda shi na zaɓi kwalejin da kike koyarwa, na ce ga tamu can, za ta sa mata ido. Ashe hannun da zai tona mini asiri na miƙa wa yarinya.

Bari in gaya miki abin da ya faru shekaranjiya Asabar. Shekara goma sha ɗaya ke nan ni ne sakataren ƙungiyar manoman shinkafa ta unguwarmu, tun da na aje aikin hedimasta. Duk takardar da ta zo, ni ke tsayawa in karanta wa jama'a. Kin riga kin san cewa shekara biyu ke nan yanar ido ta rufe mini gani, ƙananan rubutu ba na ganinsu. Kin san Mansura ke karanta mini takardun duk Juma'a in ta zo gida, in haddace, washegari in riƙe takarda in faɗa. Ban taɓa sauya ko kalma ɗaya ba, ban cuci kowa ba. Daga ni sai ita sai uwarta muka san wanga abu.

Ran Asabar muna zaune, mutum kusan hamsin, sai mataimakina Malami ya ciro wata takarda daga aljihu, wadda ba ta bi ta gidana ba. Ya miƙo mini ya ce, "Malam, yanzu aka kawo ta, batun irin shuka ne, a karanta mana." Na karɓa, na tsaya, na gyara tabarau. Hamida, fari kawai nake gani da ɗigo-ɗigo. Na ce rana ta yi mini yawa. Ya ce to a matso da ni inuwa. Aka matso da ni inuwa. Sannan ya ce, "Ku yi haƙuri jama'a, ɗana Abbas ne ya ce a kwalejinsu an karanta wa aji cewa Malam haddacewa yake yi, na ce ƙarya ne, sai na gwada." Ba wanda ya yi dariya, kuma da sun yi da ya fi mini sauƙi. Mutanen da na koyar da 'ya'yansu suka sunkuyar da kai. Na aje takardar bisa tabarma, na laluɓi takalmina na taho gida. Ba zan sake komawa ba.

Na titsiye Mansura, ta ce aikin aji ne, ke kika ce kowa ya rubuta wani abu daga gidansu. Ta kuma ce a ajinki ba a koyarwa, wai ɗalibai ke jan kujeru su zauna huɗu-huɗu suna gyara wa juna rubutu, ke kina zagayawa kina tambayarsu mi suka gani. To in su za su gani, ke mi aka ɗauke ki yi? Shekara talatin da biyar na yi da alli a hannu. Ni ke ba da kan magana, Ranar Kasuwa ko Amfanin Ruwa, yaro ya rubuta, in gyara, ya kwafe. Daga hannuna likitoci suka fito, da alƙalai. Ko sau ɗaya ban ce wa ɗan wani ya kwaso mini cikin gidan ubansa ya shanya a gaban aji ba.

Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma ke ce sanadi.

Kawunki,
Labbo.


Gwadangaji, Birnin Kebbi,
Laraba, 7 ga Fabrairu.

Kawu Labbo,

Wa alaikumus salam. Na samu wasiƙarka hannun Abdussamadu. Mu nan lafiya lau, yara suna gaishe ka. A yi wa Inna Adama sannu da ƙafa, Allah ya ba ta sauƙi.

Tun daga ambulan na gane hannun da ya yi rubutun. Wata huɗu ina ganinsa duk mako. Wato ka zaunar da Mansura ta rubuta da hannunta cewa ba za ta koma makaranta ba. Kawu, wannan bai yi ba.

Abin da Malami ya yi maka rashin mutunci ne, kuma ɗansa Abbas na kira shi ofis jiya na wanke shi tas. Amma kada ka ɗora mini laifin mai neman kujerarka. Wanda ya shirya takarda a aljihu ya jira sai jama'a sun taru, ba yau ya fara neman hanya ba.

Ka ce ba na koyarwa. To bari in gaya maka abin da na tarar. Ɗalibai ɗari da ashirin ne a ajin nan. Makon farko na ba su irin naka, na ce su rubuta Amfanin Ruwa. Wallahi Kawu, takarda ɗari da ashirin, magana ɗaya. Kowa ya fara da cewa ruwa abu ne mai muhimmanci a rayuwar ɗan Adam. 'Ya'yan masunta ne fa da 'ya'yan manoman fadama, cikin ruwa suka tashi, amma ba wanda ya rubuta abin da idonsa ya gani, don tun firamare an koya musu cewa abin da suka sani ba ilimi ba ne. Waɗannan su za su zama malaman gobe. In na tsaya gaban allo na yi ta zuba, su kwafe su maido mini a jarrabawa, me na ƙara musu?

Shi ya sa na raba su huɗu-huɗu. Kowa ya zaɓi abin da zai rubuta daga inda ya fito, ya karanta wa 'yan rukuninsa, su gaya masa inda ba su gane ba, ya koma ya gyara, har sau uku. Sannan ya zo hannuna. Aikin ya fi tsayawa gaban allo wuya nesa ba kusa ba, in kana son sani. Wani ɗalibi, Ephraim, da ba ya iya haɗa layi biyar, shafi huɗu ya yi a kan yadda babansa ke gyaran injin ban-ruwa. Wata ta rubuta yadda ake jera albasa a rumfa don kada ta ruɓe.

Ita Mansura, wata biyu ban ji muryarta ba. Can baya take zama, kai a ƙasa, ko sunanta na kira sai ta razana. Na haɗa ta da Joyce da Ummu Hani da Caroline, 'yan mata masu hankali. A hankali ta fara magana, har ta kai tana musu. Ranar da takardarta ta zo hannuna, sau uku na karanta ta a tsaye. Shekara tara ina koyarwa ban ga irinta ba. Ba zaginka ta yi ba. Ta rubuta yadda kake rufe ido kana motsa baki in tana karanta maka, da yadda layi ashirin ke zauna maka a ji biyu, da yadda take tsoron ranar da za ta makara a hanya. Don haka na karanta wa aji gaba ɗaya, su ji yadda ake rubutu. Ban faɗi sunanta ba. Ajin ya yi tsit, wasu har da hawaye. Da kana wurin da ka yi alfahari da ita.

Kuma tunda ka ce a yi ta a takarda, to a yi ta. Yanar ido ba abin kunya ba ce, aikin rabin awa ne a asibiti. Kai ka zaɓi ka ɓoye shekara biyu, ka ɗora wa yarinya nauyin da ba nata ba. Asirin da aka rataya a wuyan 'yar shekara goma sha tara, dole wata rana ya faɗi.

Ga abin da ya fi komai. Dokar kwaleji ce, wanda ya yi wata guda ba ya aji ba zai zauna jarrabawa ba. In Mansura ba ta shigo aji ran Litinin 4 ga Maris ba, shekarar nan ta tafi, kuma ba ni da ikon hanawa. Ka yi fushi da ni yadda kake so, amma ka turo ta.

Taka,
Hamida.


Argungu,
Talata, 13 ga Fabrairu.

Hamida,

Salamu alaikum. Muna lafiya. Ƙafar Adama da sauƙi. Ina fata ku ma haka.

Wasiƙarki sau biyu aka karanta mini ita, kuma wasiƙa biyu na ji.

Da farko Mansura ta karanta. Na ji gaisuwa, na ji an yi wa Abbas faɗa, na ji batun 4 ga Maris. Sai na ji wai kin ce, "Kawu, na yi kuskure, ban yi tunani ba, ka yafe mini." Har zuciyata ta fara sanyi, na ce ashe ɗiyar Fadimatu ba ta rasa tarbiyya duka ba. Amma ido ne ya tafi, hannu yana nan. Takarda uku na ji cikin ambulan, gaba da baya, karatun kuwa bai kai minti biyu ba. Na kwana biyu ina juya abin. Ran Asabar, lokacin da na saba zama gaban jama'a, na sa takardar aljihu na tafi shagon Muhammad Sani mai magani, tsohon ɗalibina ne, na ce ya karanta mini daga sama har ƙasa, kada ya tsallake ko ɗigo.

Ya karanta yana tsayawa yana gyaran murya don kunya. Babu haƙuri a ciki ko na ƙwayar gero. Abin da ke ciki shi ne ni na jawo wa kaina, kuma wai in yi alfahari.

To kin ga amfanin karatunki. Yarinyar da shekara biyu tana karanta mini takardu ba ta taɓa ƙara wasali ba, wata huɗu a hannunki ta koyi duban idon ubanta ta ƙaga abin da babu. Na tambaye ta don mi, ta tashi ta shige ɗakin uwarta. Yanzu ma ita ke rubuta wannan, don ba zan zauna shago ina faɗa ana rubutawa ba, amma Muhammad Sani zai duba kafin a liƙe.

Kin ce ba ki faɗi sunanta ba. Hamida, ni za ki yi wa wayon 'yan boko? Tsohon hedimasta, sakataren manoman shinkafa, a Argungu, mai ɗiya a ajinki. Mu nawa ne? Ko akuyar unguwarmu aka karanta wa, gidana za ta nufo.

Kin ce ajin ya yi tsit, wasu sun yi hawaye. Madalla. Kin samu abin da kike so, yara sun yi kuka, ke kin zama gwanar malamai. Ni kuma in na fita masallaci sai in ji an kama mini hannu a bakin kwata, mutanen da da in na doso suke gyara tsayuwa. Jiya wani yaro da na yi wa bulala a aji uku, yanzu da gemunsa, ya ce mini, "Malam, a hankali, akwai dutse." Na san da dutsen, shekara arba'in yana wurin.

Malami ya zama sakatare ran Asabar. An ce da ya tashi karanta takardar irin, sau huɗu ya yi tuntuɓe a layin farko. Wannan bai rage mini komai ba.

Batun idona kuma, ba ke za ki gaya mini ranar da zan kwanta a yanka ni ba. Ina da shekara sittin da tara. Ranar sunanki ina wurin, ni na riƙe ragon.

Ki riƙe ranar 4 ga watanki. Ɗiyata ta fi ƙarfin ajin da malama ke zagayawa hannu a baya tana kiwon sirrin mutane.

Labbo.


Gwadangaji,
Alhamis, 15 ga Fabrairu.

Kawu,

Wa alaikumus salam. Na ji daɗin jin ƙafar Inna Adama ta yi sauƙi. Ƙaramin ɗana ya yi zazzaɓi kwana biyu, ya warke.

Gaskiyar Muhammad Sani ce, ban ba da haƙuri ba. Ba na ba da haƙuri a kan aikina, don na san abin da nake yi. Amma kafin ka kira yarinya maƙaryaciya, ka tambayi kanka abin da ya sa ta yi haka. Tsoronka take ji. Ta ga wuta tsakanin mutum biyu, ta ɗebo ruwa. A gidan da ake sauraron yaro, ba sai ya ƙaga magana ba.

Kana ta lissafa mini likitoci da alƙalai. Waɗanda suka gudu daga ajinka fa, su nawa ne? Uwata, Allah ya jiƙanta, a hannunka ta yi aji biyar lokacin kana sabon malami. Har ta rasu, in za ta rubuta sunanta a asibiti ni take miƙa wa biron. Ta ce mini duk ta ɗauki biro sai ta ji kana tsaye bayanta. Ban taɓa gaya maka ba don girmanka. Yau na faɗa, tunda kai ka fara kiran sunanta.

Ni na ga abin da ke faruwa in aka bar ɗalibi ya buɗe baki. Rukunin su Mansura ya rage mutum uku, sun ƙi yarda in ƙara musu wata. Joyce kullum sai ta jawo kujera ta huɗu ta ajiye. Suna kan aiki na biyu yanzu, hira da wani dattijo a kan sana'arsa, kuma Mansura ce ta tsara musu tambayoyin tun kafin ka tsare ta. Yarinyar da ba ta iya amsa sunanta ba.

Yanzu zan faɗi wadda ba za ka so ba, kuma Muhammad Sani ya karanta ta da ƙarfi. Ba don mutunci ka riƙe Mansura ba. Mutuncin da kake magana, abin da zai faru ya riga ya faru, zamanta a gida ba zai maido maka da kujera ba. Ka riƙe ta ne don kana bukatar ido. Da Juma'a kaɗai kake samunta, yanzu ka same ta kullum, ta karanta maka, ta rubuta maka, ta kama maka hanya. Ka gwammace ka kashe mata shekara da ka kwanta rabin awa gaban likita. Wannan son kai ne, Kawu, ko da wane suna ka kira shi.

Na yi magana da wata likitar ido a nan, ƙawata ce. Duk Talata take ganin masu yanar ido. Motata na nan, ɗakin baƙi na nan.

Mansura, na san ke za ki fara buɗe wannan. Kada ki karaya. Kina da baiwa, kuma ba ki yi laifin komai ba. Kujerarki tana jiranki.

Hamida.


Gwadangaji,
Litinin, 26 ga Fabrairu.

Kawu,

Salamu alaikum. Ina fata lafiya. Mu nan lafiya.

Kwana goma sha ɗaya ke nan babu amsa. Sau uku ina zuwa tasha da kaina. Abdussamadu ya rantse a hannun Mansura ya sa wasiƙar, ya ce kuma yana ganinka a ƙofar gida, ba ciwo kake ba. Wayarta a kashe. Na san aikinka ne.

In maganar uwata ce ta yi zafi, ita kam da na bar ta a cikina. Sauran kuwa ban janye ko ɗaya ba.

Saura mako guda. Na je wurin shugaban sashenmu na roƙa a ƙara mata kwanaki, ya ce in ya yi wa ɗaya sai ya yi wa ɗari. In ban ji daga gare ka ba zuwa Juma'a, ran Asabar da safe zan zo Argungu da kaina, in tsaya a zaurenka. In korata za ka yi, ka kore ni a gaban unguwa, amma da ita zan taho.

Hamida.


Argungu,
Juma'a, 1 ga Maris.

Hamida,

Wa alaikumus salam. Lafiya muke. Shinkafa ta fara ciki.

Kada ki wahalar da motarki. Kuma wayar Mansura ba ni na kashe ta ba, ban ma san a kashe take ba.

Shirun da kika ji, maganarki nake taunawa. Ta Fadimatu ba zan amsa miki ba, tsakanina da ita sai addu'a, kuma na yi mata. Amma wadda kika ce na riƙe ɗiyata don ido, ta shige ni. Na gaya wa Adama ina jiran ta taya ni faɗa, sai ta ce, "Malam, yarinyar nan ba ta da kunya, amma wannan ɗaya ba ta yi ƙarya ba." Shekara arba'in da ɗaya muna tare, ba ta taɓa ce mini haka ba. Kwana uku ban yi mata magana ba, na huɗu na ga gaskiyarta ce.

Don haka na sauka. Ba don ke ba, ba kuma don na yarda da zaman huɗu-huɗunki ba, har gobe shirme nake ganinsa. Ran Talata Muhammad Sani zai kai ni Sakkwato a duba idon, ba na bukatar ƙawarki ko ɗakin baƙinki. Ran Laraba da ta wuce na kira Mansura na ce ta haɗa kayanta, na sa Abdussamadu ya aje mata gaban mota ran Lahadi.

Ta ce ba za ta ba.

Na ɗauka tsoro ne, na ce na yafe mata, da takardar da karatun ƙaryar duka. Ta ce ta gode, amma ba za ta ba. Uwarta ta lallashe ta, ta ƙi. Na ɗaga murya, abin da ban so ba, ta durƙusa har na gama, ta ce, "Baba, ka yi mini komai, ban da wannan." Na tambaye ta dalili sau uku, maganar nan ɗaya ta maimaita mini.

To ga shi nan. Kin ce kin koya mata buɗe baki ta faɗi abin da take so. Ta faɗa. Ni na buɗe ƙofa, ba ni ke riƙe da ita ba. In shekarar nan ta tafi, ki nemi wanda za ki ɗora wa, ban da ni.

Wannan ita ce ta ƙarshe daga gare ni.

Labbo.


Yaya Hamida,

Wannan da ke bayan takarda ba Baba ya faɗa ba. Muhammad Sani ya riga ya duba, ni aka ba in kai tasha. A kan benci nake rubutawa, ki yi haƙuri da hannun.

Ranar da kika raba mu rukuni, Ummu Hani ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, in abin gida ne fa?" Kika ce mutum uku ne za su ji, sai ke, daga nan ba ya wucewa sai mai shi ya yarda. Har a allo kika rubuta. Saboda wannan na rubuta abin Baba. Shekara biyu yana cina, ban da wanda zan gaya wa. Su Joyce sun ji sau uku, ba wadda ta fitar.

Ran da kika shigo da takardata a hannu, na gane ta tun daga ƙofa, don gefenta ya yage. Na yi ta kallonki ina girgiza kai. Kin gan ni, kika yi mini murmushi, kika fara. Abbas yana layi biyu gabana. Kina kai wurin sakatare ya juyo ya dube ni. Daga nan ban ƙara jin komai ba, ƙirga kwanakin da suka rage zuwa Asabar kawai nake yi. Da kika gama kika tambayi aji me suka gani. Kowa kika tambaya ran nan, ban da ni.

Na so ajinki fiye da yadda kike zato. Nan na fara sanin ina da abin faɗa. Amma ba zan iya sake zama in ji kina cewa mu saki jiki mu rubuta gaskiya ba, kuma darasin naki dole ne, ba a tsallake shi. Na san shekarar ta tafi. Na yi kukana na gama. Baɗi zan nemi wani wuri, in Allah ya yarda.

Wasiƙa uku kika aiko, duk ni na fara buɗewa. Kowace sai na duba har bayanta. Kin ga laifin Malami, kin ga na Abbas, kin ga na Baba, ni kuma kin ce ina da baiwa. Kin ce tsoron Baba ya sa na ƙaga haƙurin nan. Ba tsoro ba ne, Yaya. Ni nake son jinsa, na ga ba ya cikin takardar, shi ne na faɗa da bakina.

Don Allah kada ki zo gobe.

Mansura.